Rasuwar Uwar Wayoyi, Jakar Goyo Mai Aljihu Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗu biyu da suka wayi gari babu abin ɗauka, ni mai kaɗa jita a ƙungiyar Oga, a madadin kaina da jitata da dukkan wayoyin da nake jona ta da su, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar jakar goyona, wadda aka fi sani da Uwar Wayoyi. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce, da misalin ƙarfe uku na rana, a kan matakala ta goma sha ɗaya ta wani ɗakin taro, bayan doguwar jinya. Ta yi shekara goma sha huɗu a bayana, ba ta taɓa kwana a gidan bare ba.

Kafin in shiga lissafa halayenta, akwai maganar da ya kamata ta fara fita, domin marigayiya ce take riƙe da ita, yanzu kuma babu mai riƙewa. Shekara uku ke nan idona yana tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya kuma ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa wanda ya rage. Abin da ke gabana sak ina ganinsa idan akwai haske, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gefe da abin da ke ƙasa kuwa, ni da su sai dai a ba ni labari.

Oga, shugaban ƙungiyarmu kuma mawaƙinmu, bai sani ba. Na ɓoye masa ne saboda ina wurin ranar da ya sallami mai busa ƙaho, bayan shekara goma sha biyu suna tare, don kunnensa ya fara nauyi. Bai wulaƙanta shi ba, har ƙofar gida ya raka shi, amma dai mutumin bai sake hawa dandamali ba. Oga ya sha faɗa mana cewa dandamali ba asibiti ba ne. Ni kuwa duk duniya ban iya komai ba sai jita, da ita nake ci, da ita nake ciyarwa.

An haifi marigayiya a wani kamfani da ban san inda yake ba, na same ta a rataye a ƙofar wani shago tsakanin 'yan'uwanta. A lokacin a leda nake zuba wayoyina, duk inda muka je sai na zazzage su a ƙasa ina tsinta kamar mai tallan gwanjo. Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, ban zaɓe ta don wani ilimi ba. Koriya ce, ni kuma a shekarun ina da wata riga koriya da nake ji da ita. Mai gangarmu, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya raɗa mata suna ranar farko da ya ga na zaro waya ta shida daga cikinta. Ya ce wannan ai ba jaka ba ce, uwa ce, haihuwarsu take yi.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai riƙon amana, mai faɗin ciki. Tana da aljihu tara, kowanne da aikinsa, ba ta taɓa yarda wani ya shiga hurumin wani ba. Babban ciki na dogayen wayoyi ne. Na gaba na akwatin gyaran sauti ne, wanda nake takawa da ƙafa. Na gefen dama sabon batir, na gefen hagu mataccen batir. Na sama na tsirkiyar jita ne, jere daga mai kauri zuwa siririya. Akwai na filaya da sukundireba, akwai na salatif, akwai na 'yan robobin da ake kaɗa tsirkiya da su. Na taran yana can ciki, ta wajen da yake manne da bayana, a nan nake ɓoye kwalbar maganin ɗigawa a ido. Ta sha ruwan sama, ta sha rana, an zauna a kanta a mota, an taɓa zuba mata lemo a wani taron yaye ɗalibai, ba ta taɓa kai ƙara ba.

Lokacin da idon ya fara ja da baya, mutum ɗaya na faɗa wa, yayata, tela ce, shagonta yana bakin layinmu. Ba ta yi kuka a gabana ba. Hannu ta miƙo ta ce in ba ta jakar. Washegari ta dawo mini da ita, kowane zif an ɗaura masa alama a wutsiya: wannan maɓalli mai faɗi, wancan ƙullin zare, wancan zoben makulli, wancan tsinken fata. A kan aljihun sabon batir ta ɗinka maɓalli biyu, a kan na matacce ta ɗinka ɗaya. Tun daga ranar na daina buƙatar ido a bayan dandamali, inda duhu ne ko da rana tsaka. Zan durƙusa, in sa hannu, in zaro abin da ake nema ina kallon fuskar mai tambaya. Har suna na yi a kan haka. Oga yakan nuna ni ga baƙi yana alfahari, wai yana da mai jitar da ba ya kallon jakarsa. Ni kuma in yi murmushi.

Waɗanda suka zauna da ita za su tuna muryarta. Babban zif ɗin yana da murya mai zurfi, zuuuut, kamar dattijo yana gyaran murya kafin ya yi magana. Na tsirkiya ɗan gajere ne, zit. Na aljihun filaya yana da in'ina tun yana yaro, zt, zt, zuut, sai an lallashe shi. Maɗaurin ƙirji yana rufewa da ƙat. Akwai kuma wani sauti da ba na kowane aljihu ba, cakar-cakar, daga can ƙasanta, duk lokacin da na taka. Na zazzage ta ya fi a ƙirga ban ga abin da yake yin sa ba. A ƙarshe na bar shi, domin da shi nake sanin tana bayana, da shi kuma mutanen gida suke sanin na shigo layi.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga maratayin hagu, shekara biyu da suka wuce. Yaya ta yi mata aiki, ta tashi. Daga nan ya koma gindi, inda yadin ya fara sirancewa har ana jin sanyin filaya ta waje. An yi mata faci sau huɗu, faci a kan faci, har koren ya zama tsiraru a jikinta. A zuwanmu na ƙarshe Yaya ta juya ta a kan keken ɗinki, ta daɗe tana shafawa, sannan ta cire tabarau.

"Ƙanina, babu yadin da zan kama," ta ce. "Allura tana shiga, zare yana fitowa da naman. Ka nemi wata tun wannan tana numfashi, in mayar maka da alamomin, hannunka ya saba a hankali. Kuma ka je ka faɗa wa mutumin nan gaskiya."

Na ce mata bayan wasan Asabar. Haka na faɗa mata a watan da ya wuce, haka na faɗa a wanda ya gabace shi. Wannan laifina ne, kuma ina so a rubuta shi a nan, domin Yaya ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Ranar Asabar ɗin an gayyace mu wasa a walimar wani ma'aikaci da ya yi ritaya. Ɗakin taron yana hawa na biyu, matakalar kuma babu taga. Ina hawa ina ƙirgawa a zuci kamar yadda na saba, jita a hannu, ita a baya, cakar-cakar ɗinta yana bina. A ta goma sha ɗaya na ji wani sauti da ba ta taɓa yi ba, ɓaaar, a hankali, ba gaggawa. Sai bayana ya yi sakayau. Na ji wayoyi suna sulalewa ta bayan ƙafafuna, filaya ta buga ƙarfe, batura suka bi matakala suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da inda ya nufa. Na tsaya ina saurare har na ƙarshe ya yi shiru.

Na durƙusa ina lalube. Mai ganga yana bayana da gangunansa, ya fara dariya, ya ce yau Uwar Wayoyi ta haihu gaba ɗaya. Sannan ya ce, "Ga filayarka nan kusa da gwiwarka." Na kai hannu, na kama iska. Na sake kaiwa, na kama iska. Dariyar ta tsaya. Sai na ji abubuwa suna zuwa hannuna da kansu, filaya, salatif, batir, batir, yana turo su da gefen takalminsa ɗaya bayan ɗaya, yana ta surutu a kan zafin gari don kada kowa ya lura.

A nan Oga ya hawo. Kwalbar maganin ta gangara har ƙasa, ita ya tsinta. Na ji yana karanta rubutun jikinta a hankali, yana jan kalmomin.

"Maganin hawan jinin ido. Na waye wannan?"

Kafin in buɗe baki, mai ganga ya ce, "Nawa ne, Oga. Ajiya na ba shi, aljihuna a yage yake."

Oga ya ce to, ya miƙa masa, ya wuce. Irin wannan to ɗin na san shi, na taɓa jin sa a ranar mai ƙaho.

Muka zuba kayan a kwali muka hau. Batura sun gauraya, sabo da matacce, a hannu kuwa nauyinsu ɗaya, sanyinsu ɗaya. Na ɗauki ɗaya na sa wa akwatin sauti, na yi addu'a. Ya kai mu waƙa ta uku. Daidai inda Oga yake yin shiru ya bar wa jita fili, inda mutane suke ajiye cokali su juyo, sai jita ta mutu. Yatsuna suna tafiya, lasifika ba ta cewa komai. Mai ganga ya cike gurbin da duka kamar zai fasa fata. A shekara goma sha huɗu wannan bai taɓa faruwa da ni ba. A lokacin marigayiya tana ninke a ƙarƙashin kujerata, ciki a buɗe.

Ta rasu ta bar wayoyi bakwai, biyu daga cikinsu ba su da cikakkiyar lafiya. Ta bar akwatin sauti ɗaya, filaya ɗaya, sukundireba wanda ba namu ba ne amma ya girma a gidan, da tsirkiya ƙunshi uku. Ta bar batura goma sha ɗaya da har yau ba a san mai rai da mamaci a cikinsu ba. Ta bar ƙusa ɗaya a bangon ɗakina, da tabon zufa mai siffarta a bayan riguna huɗu. Ta bar ni.

Da aka kai gawar shago, Yaya ta farke shafin ciki don ta ga ko akwai abin da zai yi amfani. A can ƙasa, tsakanin yadi da yadi, ta tarar da masu cakar-cakar ɗin: robobin kaɗa tsirkiya ashirin da uku, waɗanda suka zurara ta wata 'yar ɓula tsawon shekaru. Na zargi mutane da yawa a kan waɗannan robobi. Na taɓa yin wata guda ba na gaisawa da mai fiyano a kan wata ja. Ina neman afuwarsa, jar tana cikinsu.

Tun daga ranar ban samu natsuwa ba. Ina tafiya a layi sai in ji cakar-cakar a bayana, in tsaya, shi ma ya tsaya. Robobin suna cikin gwangwani a shagon Yaya, na san da haka, amma kunnena bai yarda ba. Idan zan shiga motar haya ina juyawa gefe don in ba ta hanya, alhali babu kowa a bayana. Da hantsi ina zaune ina gyaran tsirkiya sai na ji zt, zt, zuut daga wajen ƙusar, har na amsa. Shekaranjiya na kai hannu gefen dama neman maɓalli biyu, na shafo haƙarƙarina. Tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. A da ina tsammanin ni nake ɗauke da ita, yanzu da na fita ni kaɗai na ga yadda titi yake da faɗi, da yadda gefensa ya yi baƙi.

Ranar Talata na je neman magajiya. Mai shagon saurayi ne mai fara'a, ya sauko mini da jakunkuna ya fi goma yana yaba launinsu, wannan ruwan toka, wannan ruwan ƙasa, wannan tana da wurin cajin waya. Na ce ya bar launi, ya ja mini zif ɗin kowacce in ji. Ya ɗauka wasa nake, ya ja. Dukkansu murya ɗaya gare su, sss, sss, kamar 'yan makaranta masu amsa darasi, ba ka bambance babba da ƙarami. Na sa hannu a cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Wata cikinta rami ne guda, duk abin da ka jefa ya tafi ke nan. Wata aljihunta goma sha huɗu, biyu a ɓoye, ko mai ido sai ya yi tambaya. Wata ba ta iya tsayuwa da gindinta, kana sakinta ta kife. Na ce ina son mai gindin fata, mai tsayuwa da kanta, mai aljihu ɗaya a dama ɗaya a hagu, mai farin shafi a ciki don ɗan ganin da ya rage ya samu abin kamawa.

"Baba, kai jaka kake nema ko mata?" in ji shi.

Na ce masa matata ba ta taɓa riƙe mini filaya ba. A ƙarshe na ɗauki wata mai aljihu bakwai. Yaya ta mayar mata da maɓallan da zoben da ƙullin zaren, ta yi aiki mai kyau. Amma na tsirkiya yana inda na salatif ya kamata ya kasance, hannuna kuma tsoho ne, gidan da ya sani yake zuwa. Kwana uku ina gwaji da agogo. Abin da nake zarowa kafin a rufe baki, yanzu sai na yi lalube, kuma lalube ba ya ɓoyuwa a gaban mutane. Ba laifinta ba ne, baƙuwa ce. Har yanzu ban rataye ta a ƙusar ba, a kan kujera take kwana.

Da wannan kaɗai ne, wataƙila da na ci gaba da rufa-rufa har asirin ya tonu da kansa. Amma jiya mai fiyano ya faɗa mini cewa Oga ya fara tambaya a gari ko akwai matashin mai ganga da ba shi da ƙungiya. Mutumin da ya turo mini filaya da takalminsa 'ya'yansa biyar, idonsa kuwa garau, yana hango kwanon abinci daga ƙarshen ɗakin taro. Na kira shi, ya ce in rufe bakina, shi zai san yadda zai yi da Oga. Ba zan rufe ba.

Saboda haka, Oga, kwalbar tawa ce. Shekara uku ina kaɗa maka jita ba na ganin hannunka idan ka ɗaga shi don a tsaya, numfashinka nake ji a makirufo in san ka kusa yankewa. A cikin shekarun nan sau ɗaya na ba ka kunya, ranar da ta rasu. Ban faɗi wannan don in roƙe ka ba, na faɗa ne don lissafinka ya zama daidai. Na yi maka ɓoyo, wannan kuma ba ni da abin kare kai a kansa. Na rubuta sanarwar nan da alƙalami mai kauri a takarda goma sha tara, Yaya ce ta buga ta a waya ta tura wa kowa, don haka duk inda aka ga an yabi tela, a san hannun da ya bi ta wurin.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Juma'a daga ƙarfe goma na safe zuwa azahar, a kan bencin da ke ƙofar shagon Yaya. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai, sai dai wanda yake da na'urar gwada batir ya taimaka ya zo da ita, a raba marayu. Bayan an tashi, Yaya za ta naɗe marigayiya a cikin farin yadi, a sa ta a ƙasan akwatin da take ajiye kayan mahaifiyarmu. An roƙi mai shara da ya yi haƙuri, wannan ba tasa ba ce.

Ranar Asabar kuma muna da wasa. Motar ƙungiya takan biyo ta mararrabar layinmu da ƙarfe biyu na rana ta ɗauke ni. Zan tsaya a wurin tun ɗaya da rabi, jita a hannu, baƙuwa a baya. Idan motar ta tsaya, zan shiga in zauna a kujerata, ba sai an ce komai ba. Idan kuma Oga ya yanke cewa ba za ta tsaya ba, ba zan riƙe kowa a zuciya ba. Alfarma ɗaya nake nema wajen direba: ta gefe motar take zuwa, ba zan ga wucewarta ba. Ya danna mini hon sau ɗaya, in san in koma gida.